Murya na sukar kunne: Soothe ne magani, ko tun farko aka ɓata?

Nazifi: Assalamu alaikum, manyan gida. Ina haɗa wata waƙar biki, mace ce ke rerawa, da layin amshi huɗu a bayanta. A hedifon ɗina komai lafiya lau. Da na tura mata ta kunna a waya sai ta ce muryar na sukar kunne, musamman inda ta ɗaga. Na saurara a tawa wayar, da gaskiyarta. Wani ya ce in nemi Soothe2, wani fulogin (ƙaramar manhajar gyaran sauti), in ɗora, magana ta ƙare. Kafin in taɓa aljihu ina son jin ta bakinku. Manhajar haɗa waƙa ta FL Studio nake aiki da ita.

Shamsu: Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Aikin da aka ƙera Soothe dominsa kenan. Kamfanin oeksound na ƙasar Finland ne ya yi shi, na biyun ya fito a 2020, kuma tun lokacin da wuya ka ga ana miksin a manyan situdiyoyi ba ka hango shi a kan murya ba. Shi da kansa yake bin sautin, duk inda tsini ya taso sai ya danne shi, da ya wuce ya sake shi. Suna ba da kwana 20 na gwaji kyauta. Sauke ka gwada, kunnenka zai ba ka labari.

Malam Habu: Nazifi, kafin ka sauke komai amsa mini waɗannan. Da wane makirfo ka ɗauka, kuma a ina? Me ka jera a kan muryar, daga sama har ƙasa? A EQ, wato abin ɗaga ko rage sassan sauti, me ka ɗaga, da dB nawa na ƙarfi? Sannan muryar nan a inda ta rera take, ko an ja ta sama?

Nazifi: Allah ya ƙara girma, Malam. Makirfo kwandensa ne irin mai arahar nan. Ɗan ɗakin ɗaukar murya na katako ne, faɗi mita 1.2, tsawo mita 1.2, tsayi mita 2.4, na liƙe shi da soso ko'ina. Jerin kuwa Auto-Tune ne a farko, sai Parametric EQ 2, sai kwamfiresa mai daidaita ƙarfi, sai ɗan abin ƙara haske, sai ribab mai sa amsa-kuwwa. A EQ na ɗaga 4 kHz da dB 6, na ɗaga daga 10 kHz zuwa sama da dB 5, saboda muryar ta fito a toshe. Kuma eh, an ja ta sama da semiton 3, wato ƙananan matakan sauti uku, ita ta ce tana son siririyar murya irin ta waƙoƙin fim.

Malam Habu: To ai ka gama ba da amsar da bakinka. Mu bi ta daki-daki.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Duk bango biyu da ke fuskantar juna suna da amon da suke riƙewa, ana samunsa ne in ka raba 343 da ninkin tazarar da ke tsakaninsu. Mita 1.2 zai ba ka kusan 143 Hz, sai 286, sai 429. Tsawon ɗakinka daidai yake da faɗinsa, kenan amon ya hau kan amo. Tsayin kuma mita 2.4 ne, na farkonsa kusan 71 Hz, na biyunsa 143 ɗin nan dai. Ɓangare uku duk sun taru a wuri guda. Shi kuwa soson da ka liƙa, in bai wuce kaurin inci 2 ba, sama kawai yake shanyewa, ƙasa ko gezau. Sai ɗakin ya cinye hasken muryar ya bar maka gurnani. Toshewar da ka ji kenan.

Maimakon ka rage gurnanin, sai ka ɗaga sama don ta fi ƙarfinsa. Makirfo mai araha dama da kaifinsa yake zuwa, ka ƙara masa dB 6 a daidai inda kunne ba ya wasa. Kwamfiresa na bayan EQ, ta danne manyan wasula ta ɗago ƙananan abubuwa, har da "s" da "sh". Abin ƙara haske ya zo ya haifi sabbin sautuka a saman waɗancan. Ga kuma jan murya: semiton 3 yana ninka kowane firikwensi da kusan 1.19, abin da ke zaune a 2.5 kHz ya koma kusan 3 kHz, sai dai in ka kunna maɓallin Formant mai riƙe kamannin muryar. Tsinin nan ba daga bakin yarinyar ya fito ba, a hanya aka tara shi. Yanzu kana so ka sayi abu na kusan dala 200 ya zo ya kwashe abin da ka zuba da hannunka?

Shamsu: Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ba na ja. Amma an riga an ɗauki murya. Mai waƙa ta tafi, biki na matsowa. Zai rushe ɗaki ya sake gini ne? Mu da muke karɓar aiki daga hannun mutane, fayil kawai ake turo mana, ba mu san ɗakin ba, ba mu san makirfon ba. Abin da ke gabanka shi za ka gyara.

Malam Habu: Ban ce ya rushe ɗaki yau ba, Shamsu. Cewa na yi ya koma EQ ya mayar da 4 kHz ɗin nan sifili, ya nemi 140 zuwa 300 ya rage dB 3 ko 4, ya kashe abin hasken, ya saurara. Wannan bai buƙatar sisi. Abin da ya yi saura bayan haka, shi ne aikin fulogin ɗinka.

Mubarak: Gaisuwa daga Kumasi. Ni yadda na koya shi ne ka ɗauki bandi guda a EQ, ka matse Q ɗinsa, wato faɗinsa, sosai, ka ɗaga shi dB 15, ka riƙa jansa daga hagu zuwa dama. Duk inda ka ji ya yi fito, ka yanke wurin. Ina samun wurare bakwai ko takwas a kowace murya.

Injiniya Kabiru: Mubarak, wannan dabarar ita ta fi kashe muryoyi a wajen masu koyo. In ka matse Q ka ɗaga dB 15, ko'ina ka tsaya sai ya yi fito, ko da muryar wa ce a duniya. Kai ne ka ƙirƙiri fiton. Kuma yawancin abin da kake kamawa jikin muryar ne. Mai waƙa in ta riƙe sautin 440 Hz, tare da shi akwai 880, 1320, 1760, 2200, 2640, 3080, haka har sama. Su ne ke sa a gane muryarta daga ta wata. Da ta sauya sauti, duk sun tashi sun koma wani wuri. Ramin da ka haƙa a 2640 ya yi daidai da kalma guda, sauran waƙar kuwa yana cin abin da bai yi laifi ba.

Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne tsakanin amon da ke zaune da wanda ke yawo. In ko wane sauti ta rera kana jin abu guda na ƙara a wuri guda, wannan na ɗaki ne ko na makirfo, EQ na yau da kullum ya ishe shi. Haka ƙugin wuta: a Najeriya da Nijar da Gana 50 Hz ne, da 'ya'yansa 100 da 150, suna nan ba sa motsi, sai dai in janareta ce take hawa tana sauka. Wanda kuwa sai ta ɗaga murya yake fitowa, ko yake bin sautin da take rerawa, shi ke buƙatar abin da zai motsa tare da shi. Kuma tsarin shi ne ka fara jin abin da ke damunka a cikin waƙar tana tafiya, har ka iya kwaikwayonsa da baki, sannan ka je nemansa. Kada ka fita farautar laifin da ba ka ji ba.

Mubarak: To Injiniya, in na ji shi amma ban san lambarsa ba fa?

Injiniya Kabiru: Juya dabarar. Maimakon ɗagawa, rage bandin dB 6 da Q matsakaici, ka ja shi a hankali har abin da ke damunka ya lafa. Inda ya lafa, nan ne. Sai ka dawo da ragin zuwa 2 ko 3. Kana iya buɗe SPAN na Voxengo, kyauta ne, ya nuna maka tsinin da ba ya gusawa. Amma ido shaida ne kawai, kunne ne alƙali.

Isuhu: Sannunku da aiki, daga Maraɗi. Ni dai kwamfutata tsohuwa ce, in na ɗora Soothe a layi uku sai ta fara sarƙewa, ga wuta ba tabbas. TDR Nova nake amfani da shi, na Tokyo Dawn, kyauta ne ba na sata ba. Bandi huɗu gare shi, kowanne da nashi Threshold da Ratio da Attack da Release. In muryar mace ce nakan sa guda wajen 3 kHz da ɗan faɗi, in saita shi yadda ba zai taɓa komai ba sai ta ɗaga, kuma ko ta ɗaga kada ragin ya wuce dB 3 zuwa 4. Na biyu in kai shi wajen 7 kHz don "s", shi da sauri yake kamawa da sauri yake saki. Sauran biyun sau da yawa ba na ma kunna su. Nazifi, fara da wannan.

Shamsu: Nova abu ne mai kyau, amma kai ne za ka gaya masa inda zai tsaya. In tsinin ya tashi daga 2.8 ya koma 3.6 a baiti na gaba fa? Sai ka faɗaɗa bandin, ka danne duk unguwar saboda gida ɗaya. Soothe kuwa ramuka da yawa yake buɗewa a lokaci guda, kowanne na bin nashi tsinin. Shi ya sa FabFilter ma, da suka kawo EQ mai motsi a Pro-Q 3 a 2018, da Pro-Q 4 ya fito a ƙarshen 2024 sai da suka ƙara masa irin wannan aikin a cikin bandi. Waves sun fito da Curves Equator, Baby Audio na da Smooth Operator, TBProAudio na da DSEQ. Da abin banza ne da ba su bi sahu ba.

Zulaihat: Ku ba ni dama in sa baki, ni ba injiniya ba ce, mai waƙa ce. Na sha karɓar waƙata daga situdiyo in ji kamar ba ni ba. Na faɗi "tsakani", abin da ya fito sai ka rantse tsamin baki gare ni. "Sh" ta narke, "ts" ta mutu, "ƙ" ba ta fashewa. In na yi magana a ce ai an tace ne. Mu a waƙarmu kalma ita ce gaba, mutane baiti suke bi. Amarya na jiran ta ji sunanta da na dangin mijinta a fili. In kun tace har aka daina rarrabe "tsari" da "sari", me aka yi kenan?

Injiniya Kabiru: Hajiya ta taɓo wuri. "Ts" da "ƙ" namu da ƙarfin iskar maƙogwaro suke fita, fashewa ce gajera mai kaifi. Di-esa, wato abin danne "s", in aka sa ta kamawa da gaggawa tana sarar kan fashewar, sai harafin ya koma wani. Saitin da ya zo a cikin fulogin ba da bakin Bahaushe aka gwada shi ba, don haka kada a ɗauke shi a yadda ya zo. Ni a babbar murya na fi son in bi da hannu: in ga "s" ɗin da ta yi yawa, in yanke ta, in rage ta dB 3 zuwa 5 ita kaɗai. Yana cin lokaci, amma ba ya taɓa maƙwabtanta. Mai Melodyne 5 ma ya huta, yana ware masa wuraren da kansa.

Malam Habu: Shi ya sa nake jin tsoron abin nan a hannun yara. Ba fulogin ɗin ne matsala ba, daɗinsa ne. Ka murɗa Depth, kunne ya ji sanyi, ka ƙara, ya ƙara jin sanyi. Sai ka ɗora a murya, ka ɗora a amshi, a fiyano, a masta, wato haɗaɗɗiyar waƙar gaba ɗaya. Ka wayi gari waƙa ta zama tsire ba yaji. Ana ci, amma ba wanda zai dawo gobe.

Shamsu: A nan kam muna tare, Malam. Bari in faɗi yadda ake riƙe shi, don masu shirin gwadawa.

Zanen da kake gani a fuskarsa mai kama da EQ ba EQ ba ne. In ka ɗaga wuri, cewa ka yi ya fi matsa wa wurin lamba, wato ya fi ragewa a nan. Mutane da yawa suna ɗaga 5 kHz suna zaton haske suke ƙarawa, alhali kashe shi suke. Sai ka fara killace shi: yanke ƙasa da wajen 1.5 kHz, yanke can sama, ya zama yana aiki a inda ciwon yake kawai. Sharpness shi ke matse faɗin ramukan, in ya yi yawa muryar na fara yin wani ruwa-ruwa irin na MP3 da aka matse. Selectivity kuwa zaɓe ne, in ka ɗaga shi sai tsinin da ya fito fili kawai zai taɓa, in ka sauke shi sai ya bi kowa. A murya Soft ya fi sauƙin sarrafawa fiye da Hard.

Babban maɓalli shi ne Delta. Danna shi ka ji abin da ake cirewa shi kaɗai. In fito da shiii kake ji, kana kan hanya. In ka fara jin baitin waƙar har kana gane kalmomi, ka wuce gona da iri, koma baya. Nakan murɗa Depth har ya yi yawa da gangan don in san inda yake cizo, sannan in sauke shi sosai. Kuma tunda yana rage ƙarfi, daidaita ƙarfin fita kafin ka kwatanta da na asali, don kunne kullum mai ƙarfi yake zaɓa.

Isuhu: Wanda fulogin ɗinsa ba shi da Delta, ya kwafi layin biyu, ɗaya da gyara ɗaya babu, ya juya fes ɗin guda, wato ya kifar da sautinsa don su soke juna. Abin da ya saura a kunne shi ne bambancin. Sai dai ya tabbata manhajar ta daidaita jinkirin da fulogin ke kawowa, in ba haka ba ƙarya zai ji.

Ɗan Asabe: Oga Shamsu don Allah wa ke da kirak ɗinsa ya turo mini ta bayan gida 🙏

Admin: Ɗan Asabe, dokar zaure ta hana, ka sani. An ambaci na kyauta a sama, an ambaci na gwaji. Wanda ya saka mahaɗin kayan sata zan cire saƙon.

Ɗan Asabe: Tuba nake, ranka ya daɗe. Dala ce ta yi tsada.

Isuhu: In FL ne da kai, ba ka rasa komai ba. Maximus na iya danne bandin sama shi kaɗai. Ko ka tura muryar wani layi, ka tace ta ya rage wajen 3 kHz kawai, ka sa Peak Controller, ka ɗaure shi da bandin Parametric EQ 2 a juye. Ka yi EQ mai motsi da hannunka kenan. Masu Cubase Pro daga 11 kuwa Frequency 2 na nan a ciki, yana yi.

Injiniya Kabiru: Akwai abin da ba a tambaya ba: me ya sa Nazifi bai ji matsalar a hedifon ba sai a waya? Ramin kunnen mutum tsawonsa kusan santimita 2.5 ne, toshe a ƙarshe, don haka shi kansa yana ƙara wa sautin da ke kusa da 3 kHz ƙarfi. Fletcher da Munson sun auna yadda ji yake tun 1933 a Bell Labs na Amurka, aka ga tsakanin 2 da 5 kHz ne kunne ya fi kamawa. A hedifon akwai bes da ke rufa wa tsinin asiri. Sifikar waya kuwa ba ta iya fitar da ƙasa, sai ya rage tsakiya da sama tsirara. Mu kuma masu sauraronmu a Tecno da Itel da ƙananan sifikun bulutut suke ji, da Keke Napep. Wanda bai gwada a waya ba bai gama miksin ba.

Na biyu kuma zai ɗan yi ɗaci. Kunne na gajiya. In ka yi awanni da hedifon a ƙure, sama na dushe maka, sai ka riƙa ƙarawa. Ma'aunin NIOSH na Amurka shi ne dB 85 na awa 8, duk ƙarin dB 3 kuma lokacin ya rabu biyu. Lalacewar ji da ƙara ke jawowa galibi wajen 4 kHz take fara nunawa. Da yawanmu da rana muna situdiyo, da dare muna DJ a gidan biki, kai a jikin sifika. Mutum ya ɗaga 4 kHz da dB 6 ya ji daidai, wanda ke gefensa yana runtse ido. Duk wanda ake yawan ce wa aikinsa na da kaifi shi kuma ba ya ji, ya je a auna masa kunne a asibiti.

Nazifi: Na gode ƙwarai, manya. Ga inda aka kwana. Na sauke 4 kHz zuwa sifili, na rage dB 4 a wajen 145 da dB 2 a wajen 290, na kashe abin haske, na kunna Formant. Nan take muryar ta buɗe ba tare da na ɗaga komai ba. Na sa Nova kamar yadda Malam Isuhu ya ce. Babbar murya ta zauna. Amma amshin har yanzu yana da wani shiii mai tsawo a ƙarshen kalmomi.

Malam Habu: Murya ɗaya ce ta yi layi huɗun, ko?

Nazifi: Ita ce, Malam.

Malam Habu: Baki ɗaya, makirfo ɗaya, ɗaki ɗaya, aibi ɗaya sau huɗu, babu wata muryar da za ta cike gibin. Kuma "s" ɗin ba sa faɗuwa lokaci guda, wannan ta riga, waccan ta makara, sai su haɗu su zama doguwa. A layukan amshi kada ka ji tausayi: danne "s" ɗinsu sosai, ko ka bar ta a layi ɗaya ka yanke ta a sauran ukun. Kunne zai ɗauka daga wanda ya rage. Sannan ka duba ribab. Sa di-esa a gaban ribab ɗin, a kan layin da kake tura masa, don kada ya ɗauki shiii ya ja ta daƙiƙa biyu. In kuma za ka gwada abin Shamsu, to nan ne wurinsa, a bos, wato layin da ka tara amshi a kai, guda ɗaya tak.

Shamsu: A rubuta ranar nan, Malam Habu ya ce a sa Soothe 😂

Malam Habu: A bos ɗin amshi na ce. Kada ka ƙara mini gishiri.

Bashiru: Ni tawa tambayar daban ta. Nan Sakkwato munka ɗauki algaita da ganguna don wata waƙar sarauta. Algaitar in ta shigo sai ta hau kan kowa. Na ɗora irin wannan fulogin, ta yi laushi, amma mai busar da ya ji ya ce wannan ba algaitarsa ba ce, sarewa ce. Mi za a yi?

Injiniya Kabiru: Mai busa ya fi fulogin gaskiya. Waɗannan na'urori duk abin da ya yi tsini ya daɗe a wuri guda suna ɗaukarsa aibi. A algaita kuwa tsinin nan shi ne sautin kansa. An yi ta ne don fili, ta ratsa ganguna da hayaniyar dawaki ta isa kunnen na nesa. Goge da kukuma ma haka, karcewar izga a kan tsarkiya na cikin abin da ake so. In kana da damar sake ɗauka, ja makirfon baya kamar mita ɗaya ko fiye, kada ya kalli bakin algaitar kai tsaye, a ɗan karkace, kuma a wuri mai faɗi. Makirfo dainamik zai fi kwandensa mai araha haƙuri da ita. In ba dama, rage ƙarfinta tukuna, sau da yawa ƙarfi ne ya yi yawa ba kaifi ba. Sannan bandi ɗaya mai faɗi wajen 2.5 zuwa 4 kHz, dB 2 kacal, a kan manyan sautuka.

Shamsu: Bashiru, ga wata hanya. In matsalar sai mai waƙa ya shigo take tashi, to rikici ne tsakanin su biyu, ba laifin algaita ba. Ɗora Soothe a kan algaitar, amma ka ba shi muryar ta Sidechain. Sai ya riƙa buɗe wa muryar hanya a daidai wuraren da take buƙata, da mai waƙa ya yi shiru algaita ta dawo da cikakken bakinta. Trackspacer na Wavesfactory ma aikinsa kenan, da bandi 32. Nova ma na karɓar Sidechain in kana son na kyauta.

Bashiru: Wannan ta shige ni. Kalangu fa? Shi ma yana da wani gunji.

Malam Habu: Kalangu kada ka haƙa masa rami a wuri guda. Makaɗi na matse shi a hammata yana saki, sautin na hawa yana sauka, maganar da yake yi kenan. Ka yanke 200 Hz, ka cire masa kalma ɗaya daga baki. In gunjin na ɗaki ne za ka ji shi a gangunan ma, a wuri guda, shi za ka rage.

Mubarak: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Ni miksin ɗina kafin masta ba ya suka, sai na ɗora limita, abin tsare ƙarfin sauti kada ya wuce iyaka. In sa Soothe a masta?

Injiniya Kabiru: Limitar dB nawa take ci?

Mubarak: Wajen 8, wani lokaci 9. Masu waƙa na son ta fi ta kowa ƙara.

Injiniya Kabiru: To daga nan ne. Limita in ta ci haka tana murƙushe kan ganga da bes, murƙushewar na haifar da ƙazanta a sama, tsakiya kuma ya matso gaba. Soothe a bayanta share fage ne kawai, a gabanta kuma bai ga laifin ba tukuna. Sauke ta zuwa dB 3 ko 4, ka rage bes ɗin da ke tunkuɗa ta, ka bar silin, wato iyakar ƙarfin fita, a -1 dBTP saboda in aka mayar MP3 kan sautin na ɗan haurawa. Spotify na daidaita waƙoƙi wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙara, YouTube ma na sauke wadda ta yi ƙara da yawa, don haka a can ƙarar da ka sha wahala a kanta sauke ta za a yi, ƙazantar ta zauna.

Mubarak: Amma a nan ta bulutut da katin memori waƙa ke yawo, Injiniya, ba wanda ke daidaita komai. In tawa ta fi ta wani sanyi a sifikar mai shayi, an gama da ni.

Injiniya Kabiru: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Fitar da biyu, ɗaya ta intanet ɗaya ta kasuwa. Ta kasuwar ma raba aikin: kilifa ta ɗan aske kan ganga dB 1 ko 2, kwamfiresa ta riƙe jiki, limita ta ƙarasa, maimakon abu ɗaya ya ɗauki dB 9 shi kaɗai. Turo mini daƙiƙa 30 na amshin, kafin limita da bayanta, WAV, kuma ka tura shi a matsayin Document don kada a taɓa fayil ɗin a hanya.

Mubarak: In an kawo wuta zan fitar, in sha Allah.